Asalin Tsoron Kaza

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Hausa, birni ko ƙauye, ka rasa kaza, sai fa in annoba ta bi ta kansu. Saboda yawan ganinta da mu ke yi har mun raina ta, ba mu ɗauke ta abin da za a tsaya a yi tambaya a kansa ba. Amma duk wanda ya taɓa sayen kaza a kasuwa ya kawo gida ya san wani hali nata. Da an kwance ta a tsakar gida sai ta zama kamar ba ita ba. Ta laɓe bayan rumbu, ta miƙa wuya, ta karkata kai tana duban sama da ido guda. A watsa mata dawa ta ƙi ci. In dakwalwa ce mai ƙwai, sai ta ɗauke ƙwan kwana da kwanaki. Ba ma sai an sake mata gida ba. A kawar da akurki daga inda ya ke, ko a sare itacen da kaji suka saba kwana a kai, ko a shanya sabon zane iska na kaɗa shi, sai ka ga magariba ta yi suna ta kai da kawowa, sun rasa inda za su sa kansu.

Mutane kan ce wauta ce kawai irin ta kaza. To, ko wauta ce, wauta ce mai jawo hasara, domin kaza ita ce asusun matar aure. Da ita a ke sayen sabulu, da ita a ke biyan kuɗin magani, ita a ke kamawa in baƙo ya sauka ba shiri. Kazar da ta firgita ta bar ci, ta bar ƙwai, ko ta tsallake danga ta shiga uwa duniya, ta tafi da kuɗin uwargida ke nan. Saboda haka ya kamata mu san inda wannan tsoro ya samo asali. Tarihinsa kuwa ya girmi Kano, ya girmi Daura.

Kaza ba 'yar ƙasarmu ba ce. Zabo shi ne ɗan ƙasa, a Afirka aka halicce shi. Ita kaza baƙuwa ce daga gabas mai nisa. A dazuzzukan Indiya, da Bama wadda a ke kira Miyanma yanzu, da Tailan, da kudancin ƙasar Sin, akwai wata tsuntsuwa har gobe wadda a ke ce da ita jar kazar daji. In ka ga zakaranta sai ka rantse na maƙwabcinka ne ya ɓace: ga jan zanko, ga wuya kamar ruwan zinariya, ga baƙar wutsiya mai sheƙi. Sai dai bai kai namu girma ba, kuma yana tashi sama sosai. Tun cikin 1868 wani masani na Ingila, Charles Darwin, ya ce daga wannan tsuntsuwa kajin gida suka fito. Cikin 2020 masana suka auna ƙwayoyin gado na kaji 863, na gida da na daji, suka tarar maganarsa tana kan hanya, har suka nuna cewa tushen ya fi ƙarfi wajen irin da ke zaune a arewacin Tailan da Miyanma da kudu maso yammacin Sin.

Yaya zaman wannan tsuntsuwa ya ke a daji? Wani Ba'amurke mai suna Nicholas Collias da matarsa Elsie sun je arewacin Indiya sun zauna suna kallonta, suka buga abin da suka gani cikin 1967. Garkenta ƙarami ne, zakara guda da kaji kaɗan. A ƙasa ta ke kiwo, tana tonon tsaba da ƙwari, da yamma ta hau itace ta kwana. Ba ta yin nisa da makwancinta. Ta san kowane kurmi da za ta faɗa in shaho ya kawo sura, ta san hanyar ruwa, ta san reshen da ta ke hawa. Ga ta da ɗan karen tsoro, ko motsin mutum ta ji daga nesa sai ta ɓace cikin gora. Ku duba fa, tsuntsuwar da ke zaune a ƙasa, tana ƙwai a ƙasa, kowa kuwa yana son namanta, daga damisa zuwa maciji, ba ta da wani makami da ya wuce sanin wurinta. In wurin ya sake, makaminta ya faɗi. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Kaza ta baro daji, amma ta taho da kayanta.

Yadda aka yi ta shigo gida, ba wani maharbi ne ya fita ya kamo ta da ƙarfi ba. Cikin 2022 waɗansu masana suka bi diddigin ƙasusuwan kaji da aka tono a wurare fiye da 600 cikin ƙasashe 89. Suka ga ƙashi mafi tsufa wanda ba shakka na kazar gida ne, shi ne wanda aka samu a wani tsohon kufai da a ke kira Ban Non Wat a ƙasar Tailan, shekarunsa kuwa tsakanin 1650 da 1250 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Lokacin nan ya yi daidai da sa'ad da noman shinkafar tudu da gero ya bazu a wannan yanki. Manomi ya sare daji ya shuka, tsaba ta zube a gona da masussuka, kazar daji ta leƙo. Wadda tsoronta ya yi yawa ta koma daji da yunwa. Wadda ta iya daurewa ta ci ta ƙoshi, ta yi 'ya'ya, 'ya'yan suka gaji ƙarfin halin uwarsu. Haka aka yi ta yi, zuriya bayan zuriya, har aka wayi gari tana kwana bisa itacen ƙofar gida.

An gwada wannan magana a zamaninmu. A jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin, wani malami Per Jensen da almajiransa suka tara jajayen kajin daji, suka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya suna zaɓen mafi tsoron mutum su haɗa su, kashi ɗaya kuwa mafi rashin tsoro. Ba su zaɓi girma ba, ba su zaɓi ƙwai ba. Amma bayan zuriya biyar sai ga marasa tsoron sun fi nauyi, ƙwansu ya fi girma, 'yan tsakinsu ma haka. Watau raguwar tsoro ita ce ƙofar da sauran amfanin kaza ya biyo. Kazar daji ba ta wuce ƙwai 15 a shekara, ga shi yau akwai kajin gidan gona masu yin 300.

Daga Asiya kaza ta bi fatake da jiragen ruwa ta yi yamma. Ta isa ƙasashen Turai na bakin Bahar Rum wajen shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin mamaki, da fari ba cinta a ke yi ba. A Ingila an tono kaji na zamanin da an binne su ɗungum, ba alamar wuƙa a ƙashinsu. Yuliyas Kaisar ma, da ya kai yaƙi can, ya rubuta cewa mutanen ƙasar suna kiwon kaji don sha'awa, amma sun haramta wa kansu namansu.

Rumawa su ne suka kai al'amarin kaza inda ba a zato. Suna da waɗansu kaji na tsafi, da ma'aikaci musamman mai kula da su. In za a fita yaƙi sai a buɗe keji a zuba musu abinci. In suka faɗa masa da haɗama har yana zuba daga bakinsu, to, an ce nasara ce. In suka ƙi ci, ko suka noƙe cikin keji, an ce kada a fita. Cikin shekara ta 249 kafin haihuwar Annabi Isa, Rum tana yaƙi da Kartaj, wani babban birni da ke kusa da inda Tunis ta ke yanzu. Shugaban rundunar Rum, Claudius Pulcher, ya tashi da jirage wajen 120 zai auka wa abokan gaba a tashar Drepana ta tsibirin Sisili. Marubutan Rum sun ce da aka buɗe wa kajin keji a cikin jirgi sai suka ƙi ci. Mai kula da su ya kai labari. Shugaba ya husata, ya ce tun da ba su ci, to, su sha, ya sa aka jefa su cikin teku. Aka gwabza, Rumawa suka kwashi kashinsu a hannu, aka kama musu jirage 93. Da ya koma gida aka gurfanar da shi gaban shari'a, aka ci shi tara mai nauyi, mutanen gari kuwa suka ce alhakin kaji ne.

Wannan camfi ne na mutanen da, kaza ba ta san gaibu ba. Abin da ya ci Rumawa shi ne sun tarar da gwanayen teku, aka matse su a bakin gaɓa. Amma ƙin cin da kajin suka yi, da an tambayi kowace tsohuwa ta ƙauye da ta warware musu. An ɗauko kaji daga tudu an ɗora bisa katako mai tangaɗi, ga ƙugin ruwa, ga ihun matuƙa, ga ƙarar makamai, ga duhun asuba. Wace kaza ce za ta sunkuyar da kai ta ci a nan? Sunkuyawa ita ce sa'ar da a ke kama ta. Kazar da ba ta amince da wuri ba, kanta a sama ya ke zama.

Mu komo Afirka. Ƙasusuwan kaza mafi tsufa da aka auna shekarunsu a wannan nahiya, an same su a wani wuri da a ke kira Mezber a arewacin Habasha, sun kai shekara 800 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa. A Afirka ta Yamma an sami ƙashinta a kufan Jenne-jeno, tsohon birnin Jenne na ƙasar Mali, cikin ƙasar da ta taru kafin shekara ta 850 bayan haihuwarsa. Aikin yana da wuya, gama ƙashin kaza da na zabo da na fakara sun yi kama ƙwarai, sai gwani ke rarrabewa. Sa'ad da Ibn Battuta ya ratsa ƙasar Mali cikin 1352, kaza ta riga ta zama 'yar gida. Ya ce matafiyi ba ya bukatar guzuri a wannan hanya, duk ƙauyen da ya sauka mata za su fito da gero da nono da kaji, ya saya da gishiri da duwatsun wuya. A nan ƙasashenmu kaza ta tarar da shirwa da shaho da muzuru da tunku suna jiranta, ba kuwa wanda ya gina mata soro. Sakinta a ke yi da safe ta nemi abincinta. Saboda haka tsoron da ya rage mata bai sami dalilin gushewa ba. Ba banza ba Bahaushe ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wanda ya fara faɗin haka ya ƙirga 'yan tsakinsa da safe, ya sake ƙirgawa da yamma.

Binciken tsoron kaza da gwaji ya soma ne da wasa. Cikin 1646 wani malamin Kirista Bajamushe mazaunin birnin Rum, Athanasius Kircher, ya bayyana wani abin al'ajabi. In ka kama kaza ka kwantar da ita, ka danne kanta a ƙasa, ka ja layi da alli daga bakinta zuwa gaba, sa'an nan ka ɗauke hannu a hankali, sai ta zauna nan kamar matacciya, ido buɗe, ba motsi. Shi a ganinsa kazar ta zaci layin nan igiya ce aka ɗaure ta da ita. Shekaru da yawa masu wasan dabo suna cin abinci da wannan. Daga baya aka gane allin ba ya aikin kome, danniyar ce kaɗai. Wajen 1971 wani Ba'amurke, Gordon Gallup, ya nuna ainihin dalilin. Ya ajiye mataccen shaho wanda aka cusa wa fatarsa kaya ya tsaya kamar mai rai, ya kwantar da kaji a gabansa, sai sandarewar tasu ta ƙara tsawo. Ya kawar da shahon ya kafa idanun gilashi biyu bisa sanduna, nan ma haka. Ashe matuƙar tsoro ce. Dabarar ƙarshe ce ta wadda ta riga ta shiga hannu, domin mai farauta yakan sassauta riƙo in ya ga abin da ya kama ya bar motsi, ita kuwa ta sami zarafin kuɓucewa. Yau masana kiwon kaji da agogo su ke auna wannan kwanciya, in suna so su san wace kaza ta fi wata tsoro. Ku tuna da wannan in kun ga yaro ya rataye kaji kai ƙasa a jikin keke za shi kasuwa, sun yi tsit. Shirun nan ba na jin daɗi ba ne.

Gwajin da ya fi kowanne amfani ga mai kiwo, a ganina, shi ne na wani mutumin Birtaniya mai suna Douglas Spalding, wanda ya buga labarinsa cikin 1873. So ya ke ya san abin da ɗan tsako ke zuwa da shi daga cikin ƙwai, da abin da ya ke koya a duniya. Sai ya ɗinka waɗansu 'yan huluna, da tsako ya fasa ƙwai, tun bai buɗe ido ba, ya rufe masa kai. Waɗanda ya cire wa hula bayan kwana 1 zuwa 3, da suka ga hannunsa yana motsi sai suka bi shi, suka ɗauke shi uwa, ba tsoro ko kaɗan. Amma akwai guda uku da ya bari har kusan kwana 4. Da ya buɗe musu ido sai suka firgita da shi matuƙa, suna tashi suna bugun taga kamar tsuntsayen daji, ɗaya ma ya shige bayan littattafai ya takure a lungu. Kwana guda tak ya raba su da 'yan'uwansu.

Ma'anar wannan ita ce, tsako yana da 'yan kwanaki a farkon ransa waɗanda ƙofar zuciyarsa ke buɗe. Abin da ya gani a kwanakin nan, shi ne uwa, shi ne gida. Daga nan sai ƙofar ta soma rufewa, duk abin da ya zo bayan haka baƙo ne, baƙo kuwa abin gudu ne har sai an ga halinsa. Matanmu sun daɗe suna aiki da wannan ba tare da sun ji sunan Spalding ba. Zabuwa ba ta iya kwanci a gida yadda a ke so, sai a ɗebi ƙwanta a sa wa kaza. 'Ya'yan zabi su fito su ga kaza, su bi ta, su koyi shiga akurki da yamma. Haka a ke yi da ƙwan agwagwa, har ka ga kaza tana kyarkyara a bakin tafki, 'ya'yan da ta ƙyanƙyashe sun faɗa ruwa sun bar ta. Tsakon da ya tashi cikin hayaniyar gida, yana jin daka, yana ganin yara da awaki, ba ya cika firgita in ya girma. Wanda ya tashi cikin ɗaki rufe bai ga kome ba sai bango, ranar da aka fito da shi ko ganyen da iska ta kaɗo ya ishe shi tashin hankali.

Sai maganar shaho. Cikin 1937 waɗansu masana biyu, Konrad Lorenz da Niko Tinbergen, suka yanka kwali suka yi siffar tsuntsu mai fukafukai buɗe, gefe guda gajere, gefe guda dogo. Suka ɗaura waya a sama a gidan Lorenz a ƙasar Ostiriya, suna jan kwalin bisa kan tsuntsayen gida. In aka ja shi gajeren gefe na gaba, sai ya yi kama da shaho mai gajeren wuya da doguwar wutsiya. In aka juya, sai ya zama kamar dinya mai dogon wuya. Aka ce tsuntsayen sun fi tsorata da siffar shaho, saboda haka aka yi ta koyarwa cewa da hoton shaho a ke haihuwarsu. Cikin 1961 wani almajirin Lorenz, Wolfgang Schleidt, ya sake gwajin da 'ya'yan talotalo waɗanda ba su taɓa ganin sararin sama ba. Ya tarar da farko kowace siffa ta gilma sai sun firgita, ko da da'ira ce kawai. Wadda aka yawaita nuna musu sai su saba da ita, su daina kula ta. Wadda ba ta cika zuwa ba, ita ke tayar musu da hankali. Ya yawaita nuna musu shaho suka saba da shi, ran da ya kawo dinya sai ga su suna neman maɓoya. Watau abin da ba a saba gani ba shi ne abin tsoro. Tattabaru suna wucewa bisa gida sau ɗari a yini, kaza ba ta ɗaga kai. Shaho kuwa jefi-jefi ya ke zuwa, ba a samun damar sabawa da shi. Wannan shi ke bayyana dalilin da sabon kasko, ko laima, ko baƙo mai babbar riga zai sa kaji su watse, alhali ba abin da ya taɓa yi musu.

Kuka ma iri biyu gare su na gargaɗi. In abin daga sama ya ke, zakara yakan yi wata doguwar ƙara siririya, kaji su duƙa ko su ruga ƙarƙashin rumbu. In a ƙasa ya ke, kamar kare ko muzuru, sai kyarkyara mai ƙarfi a jejjere, kowa ya miƙe tsaye yana dube-dube. Cikin 1993 Christopher Evans da Peter Marler da abokiyar aikinsu suka ɗauki muryoyin nan a na'ura suka kunna wa kaji a ɗakin da babu shaho babu kare. Da suka ji ta farko suka duƙa suna duban sama, da suka ji ta biyu suka miƙe suna duban gefe. Idon kaza a gefen kai ya ke, tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta juya ba. Wata malama a Ostireliya, Lesley Rogers, ta nuna cewa idanun ma sun raba aiki: na dama ya fi gwanintar tsintar tsaba cikin tsakuwa, na hagu ya fi lura da abin da ke tafe. Amma da rana ta faɗi duk wannan gani ya ƙare, kaza sai ta zama kamar mai dundumi. Shi ya sa ta ke matsa wa kanta ta isa makwancin da ta sani tun da sauran haske, shi ya sa kuma kawar da akurki ya fi kome rikita ta.

Akwai wani tsoron kuma wanda ba na shaho ba ne, na 'yan'uwa ne. Wani yaro a ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda aka haifa cikin 1894, ya tashi da son kallon kajin gidansu, yana rubuta wadda ta sari wata. Da ya girma ya buga sakamakon cikin 1922. Ya nuna cewa kowane garke yana da tsarin girma. Akwai uwar garke mai saran kowa ba mai saranta, akwai ta biyu, har zuwa ta ƙarshe wadda kowa ke sara, sai an ƙoshi ta ke ci. Kowace ta san matsayinta, saboda haka faɗa ba ya yawa. Cikin 1953 wani masani a Amurka, Guhl, da abokin aikinsa suka gwada sake wa kaji kamanni, suka ga in an taɓa wutsiya ko baya ba a cika damuwa ba, amma in an sake zanko ko gashin wuya sai 'yan'uwanta su far mata kamar ba su taɓa ganinta ba. Da fuska su ke gane juna. To, baƙuwar kaza ga ta a wurin da ba ta san maɓoya ba, ga kuma mutanen gida kowace na jira ta nuna mata matsayinta. Ko 'yar gida ce, in aka ware ta mako biyu ko uku saboda ciwo, ranar da ta komo sai an sake sabon lale.

Dabarun da iyayenmu mata ke yi duk sun dace da abin da masanan nan suka gano. Sukan ɗaure baƙuwar kaza da tsumma a ƙafa kusa da akurki kwana uku ko huɗu, ko su kife ta da kwando inda za ta riƙa ganin sauran suna ganinta ba tare da baki ya kai gare ta ba. Ruwa da tsaki a gabanta, wuri guda, lokaci guda. In za a sa ta cikin akurki sai da dare, sa'ad da ba mai ganin wani. Wariyar nan kuma tana da wani amfani babba in an tsawaita ta zuwa mako biyu nesa da garke, gama kazar kasuwa ita ke kawo annobar nan mai karya wuyan kaji da hunturu, wadda aka fara ganewa cikin 1926 a tsibirin Jawa da garin Newcastle na Ingila.

A manyan gidajen gona na zamani, inda a ke tara kaji dubbai cikin ɗaki guda, tsoron nan ya zama abin da a ke lissafi da shi. Kaza ɗaya ta firgita da inuwa ko ƙarar tsawa, sai duka su ruga kusurwa guda su hau kan juna, na ƙasa su mutu don rashin numfashi. Saboda haka ma'aikata sukan ƙwanƙwasa ƙofa kafin su shiga, su sa tufafi iri guda kullum, waɗansu har rediyo su ke bari a kunne don kajin su saba da muryar mutum.

Rashin tsoron ma yana da tasa hasarar. A ƙasashen Afirka da yawa, har da Nijeriya, ma'aikatan gona sun yi wani shiri na musanyar zakaru. A karɓi zakaran gida a ba mutum jibgegen zakaran Turawa, irin jajayen nan da a ke kira Rhode Island Red, don ya gyara iri. Niyyar tana da kyau, 'ya'yan kuwa sukan fi girma. Amma zakaran da kakanninsa suka tashi cikin waya, ana kawo musu abinci har gabansu, an rage masa kaifin ido da saurin ƙafa. Ga nauyin jiki, ga zafin rana, ga cututtukan da bai saba da su ba. Da yawa ba su ga zagayowar shekara ba. Kajin ƙwai na gidan gona kuma an zaɓe su har sun bar kwanci, ba su san su baza fukafukai su tare shirwa ba, yadda ƙaramar kazar Hausa ke yi in an taɓa 'ya'yanta. A Shika, kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi tun 1928, masana sun yi shekaru suna zaɓe har suka fitar da kazar ƙwai mai jure zafin ƙasarmu, wadda a ke kira Shika Brown. Ita ma ta ɗaki ce, da abincinta da allurarta. Wadda za a saka da safe ta bi bola da bayan danga, ta komo da 'ya'yanta da magariba, har yanzu kazar gida ce, mai ƙwai 40 ko 50 a shekara.